Tsakanin dig da nslookup, ga wanda zan ce ka riƙe

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko dig ko nslookup za ka riƙe wajen bincikar sunan shafi daga layin umarni, amsata kuwa ita ce ka riƙe dig. Dukansu biyu kyauta ne, kuma aiki ɗaya suke yi, wato su tura tambaya ga sabar DNS, kwamfutar da take mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa na lamba da ake kira IP, ta ƙofa mai lamba 53 su dawo maka da abin da ta ce. Inda suka rabu shi ne yadda kowanne yake kawo maka labarin. Shi nslookup amsa yake miƙa maka kawai. Shi kuwa dig yana haɗa maka amsar da isnadinta: wace saba ce ta faɗa, ita ce mai alhakin sunan ko ruwaito shi ta yi, kuma daƙiƙa nawa suka rage kafin amsar ta tsufa. A ranar da komai yake lafiya ba za ka ga amfanin wannan bambanci ba. Sai ranar da shafi ya ƙi buɗewa, mai shafin yana tsaye a kanka, za ka san cewa isnadin nan shi ne aikin gaba ɗaya.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni, domin daga ranar ne na daina ɗaukar su a matsayi ɗaya. Bara waccan, cikin sanyin hunturu, wata makaranta mai zaman kanta a nan Gombe ta mayar da shafinta zuwa sabon masauki, wato kamfanin da yake ajiye shafi a intanet, saboda tana son iyaye su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu ta waya. Wanda ya sayar musu da masaukin ya karɓi kuɗinsa, ya ce ya gama komai, abin da ya rage kawai shi ne a jira sauyin ya yaɗu a intanet cikin awa 48. Awa 48 suka cika, ya ƙara wasu 48. Ranar ta biyar shugaban makarantar ya kira ni, muryarsa duk ta dushe, domin iyaye sun fara zuwa ofis da kansu suna cewa tsohon shafin suke gani, mai ɗauke da sanarwar zangon da ya wuce. Na je da kwamfutata na zauna a ofishinsa, akawun makarantar yana gefe da fayil ɗin rasit a hannu.

Da yake kwamfutar ofishin Windows ce, a kanta na fara, na buga nslookup da sunan shafin. Ya nuna mini "Server: UnKnown", sai adireshin rautar ofishin, sai layin nan da kowa ya sani, "Non-authoritative answer", sannan tsohon adireshin IP. Wannan bai ƙara mini komai a kan abin da iyayen yara suka riga suka faɗa ba. Tsohon adireshi ne, na gani, amma me ya sa? Ko wata saba ce a hanya take riƙe da tsohuwar amsa, kamar yadda mai sayarwar yake iƙirari, ko kuwa tun daga tushe ba a sauya komai ba? Amsar da ke gabana ba ta raba waɗannan biyun ba, alhali maganin na farko haƙuri ne, maganin na biyu kuwa aiki ne da wani bai yi ba.

Sai na buɗe tawa kwamfutar mai Ubuntu na rubuta wannan, da sunan makarantar a madadin na misalin:

dig example.com +trace

Abin da wannan umarni yake yi ya cancanci a tsaya a kansa. Maimakon ya tambayi sabar kamfanin layinka ya karɓi abin da ta tuna, sai ya bi tsanin da kansa tun daga sama. Yana farawa da sabobin tushe, waɗanda suke da sunaye 13, daga a.root-servers.net har zuwa m.root-servers.net. Su ba su san adireshin shafin kowa ba, kamar yadda ba za ka je fadar Sarki ka tambayi gidan wani mutum a Pantami a nuna maka ƙofarsa ba, amma za a gaya maka hakimin da za ka je wurinsa, shi kuma ya tura ka ga mai unguwa. Haka sabobin tushe suka tura dig zuwa sabobin .ng, wanda ƙungiyar NiRA take kula da rajistarsa, su kuma suka ambaci sabobin da aka damƙa wa sunan makarantar. A nan magana ta ƙare. Sunayen da suka fito na tsohon masauki ne, duka biyun. Ba a taɓa shiga wurin rajista an sauya su ba, saboda haka ko shekara aka yi ana jira babu abin da zai yaɗu.

Na juya allon na nuna wa shugaban layukan nan biyu da yatsa, na karanta masa sunan tsohon kamfanin da yake jikinsu, sunan da akawu ya samu a tsohon rasit. Mutumin bai san DNS ba, amma ya san sunan wanda ya daina biya, kuma gani ya kori ji. Ya ɗauki hoton allon ya tura wa mai sayarwar, cikin ƙasa da awa ɗaya aka sauya sabobin.

Ragowar aikin ma da dig na yi shi. Na san cewa sabobin kamfanonin layi za su ci gaba da tuna tsofaffin sunayen na wani lokaci, don haka na shiga tsohon masaukin, wanda makarantar take da mabuɗinsa har lokacin, na mayar da bayanin A nasa, wanda yake ɗauke da adireshin IP na shafin, zuwa sabon adireshi, yadda duk wanda aka tambaya, tsoho ko sabo, wuri ɗaya zai nuna. Daga nan na haɗa kwamfutata da wayar shugaban na sake tambaya. A sashen da aka rubuta ANSWER SECTION, tsakanin sunan shafin da harufan IN, akwai wata lamba, ita ce TTL, wato adadin daƙiƙun da aka yarda saba ta riƙe amsa kafin ta koma ta sake tambaya. Ta nuna 5400 da 'yan kai. Na sake bugawa bayan minti ɗaya, ta ragu da sittin. Na ce masa, ranka ya daɗe, nan da awa ɗaya da rabi sabon shafi zai fito a wayarka, mu yi sallar La'asar mu dawo. Da muka dawo ya taɓa wayar, sabon shafin ya buɗe da hoton ƙofar makarantar. Har yau ina tuna yadda ya ajiye wayar a kan tebur ya yi hamdala. Abin da ya faranta mini shi ne na iya ba shi lokaci ƙayyadadde, bayan kwana biyar ana ce masa ya jira.

Game da nslookup, abin da zan iya faɗa masa na alheri shi ne yana nan a kowace Windows ba tare da ka sauke komai ba, don haka idan ka tsinci kanka a shagon intanet ko a kwamfutar wani ofis, da shi za ka yi. Yana iya tambayar nau'in bayani idan ka rubuta nslookup -type=mx da sunan, yana iya tambayar wata saba idan ka sa adireshinta a ƙarshe, kuma idan ka ƙara -debug zai fito da TTL ɗin da ya ɓoye, sai dai a cikin dogon rubutu mai wahalar bi. Masu BIND da kansu, wato ƙungiyar ISC da take fitar da wannan manhajar DNS tare da dig da nslookup, sun taɓa ɗaura niyyar yin ritaya da shi a farkon BIND 9, har yana gargaɗin mutane su koma dig ko host, kafin su janye niyyar a 2004. Iyakar abin da nake da shi a kansa ke nan.

Abin da ya sa dig ya fi shi a hannun mai gyara yana cikin layuka biyu na saman amsarsa, waɗanda yawancin masu farawa suke tsallakewa. Na farko yana ɗauke da kalmar status. Idan ka ga NOERROR, an amsa tambayar lafiya. Idan ka ga NXDOMAIN, ana ce maka sunan babu shi kwata-kwata, sai ka duba ko ka yi kuskuren harafi, ko kuma rajistar ta ƙare ba a sabunta ba. SERVFAIL yana nufin sabar da ka tambaya ta yi ƙoƙari ta kasa, sau da yawa saboda sabobin da suke da alhakin sunan ba sa amsawa ko sa-hannun DNSSEC, wanda yake tabbatar da ingancin amsa, ya lalace. REFUSED kuwa ita ce sabar ta ji ka amma ta ƙi, galibi domin ba a ba ta wannan sunan ba ko ba ta yi wa baƙi hidima. Akwai kuma wani yanayi da yake ruɗa mutane, inda za ka ga NOERROR amma an rubuta ANSWER: 0. Ma'anarsa sunan yana nan, nau'in bayanin da ka nema ne babu, kamar ka nemi AAAA, wato adireshin IPv6, a shafin da yake da A kaɗai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana aika ka wuri dabam: wani wurin rajista, wani wurin masauki, wani kuma ga yatsunka da suka yi kuskure.

Layi na biyu shi ne na flags. Harufan da za ka nema su ne aa. Idan suna nan, amsar daga bakin mai ita ta fito, wato sabar da aka damƙa wa sunan. Idan babu su, ruwaya ce daga ajiyar wata saba, kuma wannan shi ne ainihin abin da nslookup yake nufi da "Non-authoritative answer". Na sha ganin ɗalibai sun firgita da wannan layin suna zaton kuskure ne, alhali kusan duk amsar da wayarka take samu a yini irin wannan ce, kuma babu laifi a ciki. A can ƙasa kuma dig yana rubuta Query time da SERVER, wato tsawon lokacin da amsar ta ɗauka da adireshin wanda ya ba da ita. A Ubuntu za ka ga 127.0.0.53 a wurin, kada ka ruɗe, wannan wani ɗan aike ne a cikin kwamfutarka da yake miƙa tambayar gaba.

Alamar @ ita ce take ba ka damar zaɓar wanda za ka tambaya. Idan ka rubuta dig @8.8.8.8 example.com ka tambayi sabar Google, wadda aka buɗe wa jama'a a 2009. Idan ka sa @1.1.1.1 ka tambayi ta Cloudflare, wadda ta zo a 2018, akwai kuma 9.9.9.9 ta Quad9. Al'adata idan aka kawo ƙorafi ita ce in tambayi uku: sabar layin da mai ƙorafin yake kai, ɗaya daga cikin waɗannan na jama'a, sannan sabar da take da alhakin sunan, wadda nake samo sunanta da dig example.com NS +short, inda +short yake taƙaita rubutun zuwa amsar kaɗai. Idan mai alhakin ta ba da sabon adireshi, sauran suka ba da tsoho, to jira ne, kuma TTL zai gaya maka iyakarsa. Idan ita kanta mai alhakin tsoho ta bayar, babu batun jira. Ka lura cewa manyan sabobin jama'a injuna da yawa ne a bayan adireshi ɗaya, don haka kana iya ganin TTL ya yi tsalle sama a tambaya ta biyu, wannan ba matsala ba ce.

Idan sabobin da suke da alhakin sunan biyu ne ko fiye, wanda haka ya kamata su kasance, ka nemi SOA daga kowace, wato bayanin da yake ɗauke da saitin asali na sunan, ka kwatanta lambar siriyal da take ciki. Idan lambobin suka bambanta, ɗaya ta samu sabon sauyi ɗaya ba ta samu ba, kuma wannan ne yake jawo ƙorafin nan mai cin rai na shafi ya buɗe wa wani ya ƙi buɗe wa wani a ɗaki ɗaya. Batun imel ma nan ne mafarinsa. Da dig example.com MX +short za ka ga sabobin da suke karɓar wasiƙu, kowace da lamba a gabanta, mai ƙaramar lamba ita ake fara gwadawa. Da TXT za ka ga layin da ya fara da v=spf1, wanda yake fayyace waɗanda aka yarda su aika wasiƙa da sunan. Yawancin ofisoshin da suka ce mini wasiƙunsu sun daina shigowa bayan sauya masauki, MX ne aka manta ba a kwafo ba. Idan kuma adireshin IP ne a hannunka kana son sanin sunan da aka liƙa masa, dig -x da adireshin zai kawo maka.

Shawara ɗaya da za ta rage maka wahala: idan ka san za ka yi ƙaura, ka rage TTL zuwa 300, wato minti biyar, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Wurare da yawa suna barinsa a 14400, awa huɗu ke nan, wasu ma 86400, kwana guda cur. Kuma kada ka riƙa tambayar sabon suna kafin ka ƙirƙire shi, domin sabobi suna tuna amsar "babu" kamar yadda suke tuna amsar "akwai", na tsawon lokacin da aka ƙayyade a SOA.

Dole in faɗi inda dukansu biyu suke da iyaka ɗaya. Ba dig ba nslookup, babu wanda yake duba fayil ɗin hosts na kwamfutarka, kuma a Windows nslookup ba ya bi ta ajiyar da tsarin yake riƙe da ita. Saboda haka kana iya ganin amsa daidai a baƙin allo, burauza kuma ta ci gaba da buɗe tsohon wuri. A irin wannan sai ka share ajiyar da ipconfig /flushdns, ka rufe burauzar ka sake buɗewa, ka kuma duba ko tana amfani da nata ɓoyayyen DNS da ba ya bin saitin kwamfutar. Haka nan wasu hanyoyin sadarwa suna tare tambayoyin ƙofa ta 53 su amsa da kansu, wanda yake sa +trace ya tsaya a hanya ko ya ba da abin da bai dace ba. Idan ka ga haka, ka sauya layi ka sake gwadawa kafin ka zargi kowa.

Samun dig ba wuya. Yana zuwa a cikin macOS. A Ubuntu da Debian sunan kunshin dnsutils, a sababbin fitowa bind9-dnsutils, a Fedora da danginta kuwa bind-utils. A wayar Android, idan ka sa Termux, manhajar da take ba ka layin umarni a waya, ka rubuta pkg install dnsutils, ka samu dig a aljihunka, kuma da shi nake aiki idan wuta ta ɗauke batirin kwamfuta ya mutu. Windows ce mai ɗan tsayi, domin ISC ta daina fitar da BIND na Windows bayan 9.16, don haka hanya mai tsabta ita ce ka kunna WSL, tsarin da yake ba da damar gudanar da Linux a cikin Windows, ka sa Ubuntu a ciki. Idan kwamfutar ta ofis ce da ba a ba ka izinin sa komai ba, ka buɗe PowerShell ka yi amfani da Resolve-DnsName, wanda yake nuna TTL kai tsaye, kuma a ganina ya fi nslookup ko a gidansu. Akwai kuma host, wanda galibi yake zuwa tare da dig, mai ba da amsa a jimla guda, yana da kyau idan sauri kake yi.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ba zan rufe ba tare da na ja kunnenka kan masu sayar da suna da masauki ba, domin ni kaina na taɓa ƙonewa. Sunan farko da na saya a rayuwata ta hannun wani dillali na saye shi, saboda ya fi araha kuma ya karɓi kuɗi hannu da hannu. Shekara ta zagayo, ya ninka kuɗin sabuntawa, da na ce zan ɗauke sunana in kai wani wuri, sai na gano da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar. Shekara guda ina haya a gidan da nake zaton na saya, kuma a ƙarshe barin sunan na yi, tare da katunan da na buga da allon da na kafa a ƙofar shago. Wannan kuwa dig ba zai nuna maka shi ba, domin DNS yana faɗin inda suna yake nunawa ne, ba ya faɗin mai shi. Ko whois ma, wanda ake duba bayanan rajistar suna da shi, yanzu sau da yawa a rufe sunan mai rajista yake fitowa.

Saboda haka kafin ka biya kowa, ka tabbatar asusun rajistar da imel ɗinka aka buɗe shi, ka shiga da kanka ka ga sunan a ciki, ka ga wurin sauya sabobi, ka kuma ga inda ake karɓar lambar sirrin da ake buƙata wajen mayar da suna zuwa wani kamfani, wadda ake kira lambar EPP. Idan sunan .ng ne, NiRA tana wallafa jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista a shafinta, ka duba ko wanda kake hulɗa da shi yana ciki, ko kuma ya gaya maka ta hannun wane yake bi. Ka yi hattara da saƙon da zai zo maka cewa sunanka zai ƙare gobe ka danna nan ka biya. Ka shiga asusunka ta hanyar da ka saba ka duba ranar da idonka. Wanda kuma ya ce zai sayar maka da manhajar bincikar DNS, ko ya nemi kuɗin "hanzarta yaɗuwa", ka sani babu wani kuɗi da yake rage TTL ɗin da wata saba ta riga ta riƙe.

Don haka, ɗan'uwa, ka sa dig yau, a waya ko a kwamfuta. Ka fara da sunan da ka sani yana aiki, ka karanta amsar duka ba tare da +short ba har idonka ya saba da status da flags da TTL, sannan ka gwada +trace ka bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Idan wani layi ya shige maka duhu, ka kwafo amsar gaba ɗaya ka turo mini mu duba tare, amma ka fara goge sunayen injunan cikin gida idan na wurin aikinka ne.